Waƙar Tsoho Tomas a Bani Malik

Mutumin da aka haɗa ni da shi tun daga Kano, wai shi zai samo mini kafili, ubangidan da zai tsaya mini, da iƙama, wato takardar zama, idan na gama umara, ya tarbe ni a Jidda da fara'a kamar ɗan'uwa. Ya kai ni wani kantin shayi a Ammariyya, ya karɓi fasfona da guzirin aljihuna, ya ce in zauna zai shiga ciki ya ga wani babban mutum. Ashe kantin ƙofa biyu gare shi. Ni da nake taƙamar a kasuwa aka yaye ni, sai da na shanye shayi kofi uku kafin na lura da ƙofar baya. Mai shayin, wani ɗan Yaman, ya dube ni ya girgiza kai, ya ƙaro mini kofi na huɗu da rabin burodin tamis, bai karɓi komai ba. Da gani ba ni ne na farko da aka bari a kan wannan benci ba.

Haka na zama takari, a farkon shekarun tamanin. Na yi dako a Balad, na wanke tukwane a gidan abinci, na shimfiɗa kwali a gefen titi ina sayar da carbi da turare, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan hanya. Cikin wata shida na koyi Larabcin da zai ishe ni ciniki, na kuma koyi gudu da takalmi a hannu. Abin da na kasa koya shi ne cin ful, dafaffen waken Larabawa, da safe ba tare da na tuna koko da ƙosai ba.

Daga nan na koma Bani Malik, gidan Hajja Zainabu. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa ya zauna. Hausarta rabi Larabci ce, faɗanta kuwa duk unguwa an san shi. Ba ta tambaye ni takarda ba. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kana shan sigari?" Na ce a'a. "Kana kwaso mutanen banza?" Na ce a'a. Ta ce, "Halas, ga ɗaki a ƙarƙashin matakala. Yau ka ci abinci kuwa, ya Garba? Fuskar nan kamar ta mai jinya."

A ɗakin nan na samu sana'ar da ta tsayar da ni da ƙafata. Yawancin mutanenmu ba su iya rubuta wasiƙa ba, sai su yi magana a kaset a ba alhazai su kai gida. Na sayi tsohuwar rikoda, daga baya na ƙara wata irinta sak. Mutum zai zo ya zauna, in danna jan maɓalli, ya gaishe da uwa da uba da maƙwabta har da tunkiyar gida, ya ce yana cikin ni'ima, in kashe, sannan ya yi kukansa ya tafi. Na koyi gyaran kaset da reza da salatif da jan farce. Na kuma karanci halin masu zuwa wurina: ba sa son shiru. In kaset ya fara ba ɗan kiɗa a gaba, sai su ga an tauye su. Don haka ba abin da ke fita daga hannuna ban yi masa ado ba.

Wata Alhamis da hantsi Mamman ya shigo mini da Bature. Mamman yana wankin mota ne a wani rukunin gidajen Turawa a Abhur, amma ɗan gidan makaɗa ne, da kalangunsa ya zo Jidda a naɗe cikin harami. Shi Bazazzagi, ni Bakano, ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Bawana, tashi ka share wuri, na kawo maka arziki," in ji shi.

Na ce, "Yaushe mai wankin taya ya fara rabon arziki?"

Baturen dogo ne, sai da ya sunkuya kafin ya shigo, wuyansa ja kamar an soya. Sunansa Diklan, injiniyan na'urar sanyaya ɗaki. Na tambaye shi ya mutanen Ingila. Ya ɗaure fuska ya ce shi ba ɗan Ingila ba ne, ɗan Ailan ne. Mamman ya raɗa mini, "Kada ka kuma. Kamar ka ce mini ni Bakano ne."

Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa muka fahimci juna. Ya zaro kaset naɗe a hankici. Ya manta da shi a mota, rana ta gasa shi, gidan ya lanƙwashe, zaren ya tsinke. Ya ce muryar mahaifinsa ce a ciki, Tomas, wanda ya rasu bara.

Ina aiki yana ba mu labari. Tomas masunci ne a wani ƙauye na bakin teku, inda duwatsu suka fi ƙasar noma yawa. Da kifi ya kasa riƙe gida sai ya tafi Ingila haƙar titi, ya yi shekara ashirin yana kwana ɗaki ɗaya da mutum shida. Na dubi Mamman na ce, "Ashe takari ne." Waƙa kuwa a bakin uwarsa ya koya, ita ma a bakin tata uwar, da yarensu na gargajiya, ba Turanci ba. Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Sau ɗaya tak aka ɗauki muryarsa, a ɗakin girkin gidansu, shi ma sai da Diklan ya matsa masa. Waƙa biyar ce a kaset ɗin. Huɗu akwai masu yin su a yankin. Ta farkon ce, wadda ke ba da labarin wani da ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙanwarsa tsaye a bakin gaɓa, ba wanda ya rage da ita a duniya. Nan da kwana tara Diklan zai tafi gida taron cikar tsohon shekara da rasuwa, duk ƙauyen za su taru su saurari waƙar daga wannan kaset.

Na ce, "Wane sarki yake yi wa waƙa?"

Ya ce ba sarki.

"Wane attajiri?"

Babu.

"To wa ke ba shi riga?"

Ya yi dariya ya ce ladarsa kofin shayi ne da kujera kusa da wuta. Mamman ya ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Shekara sittin mutum yana waƙa, ba doki, ba riga, ba ko ɗan maraƙi? Wallahi an ci amanar tsohon nan."

Na cire zaren daga gidansa da ya narke, na sa shi a sabon gida daga kwalina, na haɗa inda ya tsinke, na kunna. Sai wata murya ta fito, ta tsoho, tana bi ta hanci, tana hawa tana gangarowa, ta kama kalma ɗaya ta yi ta lanƙwasa ta kafin ta sake ta. Ba kiɗa, ba 'yan amshi, sai ƙarar agogon bango can a baya. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na tsinci kaina na ajiye reza. Hajja Zainabu ta leƙo daga matakala ta ce, "Wa ya mutu?" Diklan ya juya fuskarsa bango na ɗan lokaci, sannan ya ce in yi masa kwafi uku a kaset mai kyau, zai dawo ranar Asabar.

Bayan ya tafi sai ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Ƙauye guda za su taru su ji murya tsirara haka? Na ce wa Mamman, "Talauci ne ya hana tsohon nan ɗaukar makaɗi. Mu rufa masa asiri. A cikin kwafi ukun nan za mu yi ɗaya da kalangu, kyauta, Bature ya san ya zo wurin masu sana'a."

Dokar aikina ita ce, duk kaset na amana sai an fara kwafe shi tsaf kafin a yi wani wasa da shi. Ni nake koya wa mutane wannan doka. Ranar ban bi ta ba, don kaset masu kyau sun ƙare, na ce sai Asabar da safe in sayo a Balad.

Muka jera rikoda biyu a kan tebur, ta hagu tana juya tsoho, ta dama tana ɗauka, Mamman a tsakiya da kalangu a hammata. Aka fara. Bai yi minti ɗaya ba ya tsaya.

"Mayar baya. Tsohon nan ba ya tafiya a kan hanya. In na tare shi nan sai ya ɓullo can."

Na mayar. Ya sake tsayawa.

"Ubana shekara arba'in yana yi wa mahauta kiɗa, kuma mahauta ba su da saiti, amma wallahi sun fi wannan. Ka ji? Inda ya kamata ya sauka sai ya ja numfashi ya tafi yawo."

Na ce, "Ko dai hannunka ya saba da soso?"

Wannan magana ta ƙona shi. Ya ajiye kalangun ya ce sai ya gane inda tsohon ke numfashi. Ranar Alhamis ɗin nan da wunin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya saurari waƙar ya fi sau talatin, idonsa a rufe, leɓensa na motsi. In ya ɗauki kalangu ya gwada, tsohon ya zille masa, in goge mu koma farko.

Da la'asar ɗin Juma'a, na mayar da kaset biyun farko ke nan za mu sake gwadawa, sai aka ƙwala ihu a lungu: "Askar! Askar!" Duk wanda ya zauna Jidda ba iƙama ya san ba a yin shawara da wannan kalma, 'yan sanda ke nan sun zo kame. Na kai wa rikodar hagu duka da nufin in kashe wuta, muka haye matakala. Ni na lafe a bayan tankin ruwa, Mamman ya cusa kansa a ɗakin tantabarun Hajja yana rungume da kalangu. Da ƙura ta lafa, ashe wani maigadin kamfani ne da kakinsa ya shigo neman gidan surukansa.

Muka sauko muna dariya, Mamman da gashin tantabara a gemu. Ina shiga ɗaki dariyar ta tsaya. Jan maɓallin rikodar hagu yana ƙasa, zare na juyawa.

Na kashe, na mayar baya, na kunna. Maimakon tsoho Tomas sai muryar Hajja Zainabu: "Ya Rabbi, esh hada! Na ce masa kada ya kwaso mini mutanen banza, ga ganga a gidana ranar Juma'a. Wallahi in suka kama shi ban san shi ba." Sai ƙarar buɗe gwangwani, sai tauna. Dabinona ne na Madina da nake ɓoyewa. Ta ci, ta yi mita, ta ƙara ci, har waƙar farko ta tafi gaba ɗaya, da kan ta biyu. Na duba kaset ɗin gwaji, ba komai sai kalangun Mamman yana tsawa, muryar tsohon a ƙarƙashi kamar sauro, ita ma baiti ɗaya ce.

Mamman ya ce, "Ka ce masa rana ce ta cinye."

Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Baturen ya ji waƙar da kunnensa bayan na gyara, kuma rana ba ta cin dabino.

Ranar Asabar da yamma ya zo da kwalin alewa a hannu, tukuici. Ban bari ya zauna ba na gaya masa komai, har da kalangun, na kunna masa. Ya saurari Hajja tun daga mita har tauna. Na san in ya ɗaga waya sau ɗaya, kafin sati ina cikin jirgin masu komawa. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Ya ajiye alewar a kan tebur, ya zauna a ƙasa, doguwar ƙafarsa har bakin ƙofa, ya ce, "Shi ke nan. Ta tafi." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Mamman yana rakuɓe a kusurwa yana ƙanƙarar fatar kalangu da farce, kuma shi mutum ne da in ya rasa abin yi sai hancinsa ya fara waƙa bai sani ba. Sai ga waƙar tsohon tana fita ta hancinsa. Diklan ya ɗago kai.

"Sake," ya ce masa da Larabci.

Mamman ya firgita. "Me na yi?"

Na ce, "Waƙar, kai! Buɗe baki!"

Ya gyara zama ya rufe ido ya ɗauko ta daga farko. Duk inda tsohon ya hau ya hau, duk inda ya tafi yawo ya bi shi, har da bi ta hanci. A tsakiyar baiti na uku ya tsaya ya yi tari, ƙyah ƙyah, sau biyu, ya ci gaba har ƙarshe. Diklan yana hawaye yana dariya. Ya ce wannan ai tari ne kawai ya sarƙe tsohon ranar da aka ɗauka.

Mamman ya ce, "Haka mai waƙar ya yi ta. Ni ba na rage wa mutum kayansa."

Nan take na ce to sai mu ɗauki Mamman a kaset a kai wa ƙauye. Diklan ya girgiza kai. Ya ce muryar daidai take ba gyara, amma abin da ke fita bakin Mamman ba kalmomi ba ne, ba yaren da ya yi kama da shi a duniya. Na tambaye shi shi ya san kalmomin? Ya ce tun yana yaro yake jin su, suna kansa duka. Sai dai bai taɓa rerawa ba. Lokacin samartaka in uban ya fara waƙa ficewa yake yi, kunya yake ji, abin tsofaffi ne da talakawa.

Na ce, "Kai kana da kalmomi ba murya, shi yana da murya ba kalmomi. Saura kwana bakwai. Ku haɗa jari."

Satin nan mutanen Bani Malik suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Kullum in an tashi aiki, Bature ne ke tuƙo mai wankin motarsa tun daga Abhur, Mamman a kujerar baya ya harɗe ƙafa. Malami kuwa ba tausayi.

"Tsaya, tsaya! Garba, gaya masa muryarsa kamar ƙofar gareji. Ya sassauta wuya. Da ubana ne da tuni ya sha sandar kiɗa a ƙeya."

Ni ne tafinta, ina tace rabi. Kwana biyu muryar ta ƙi fita, sai rawa take yi. A rana ta uku Diklan ya ce mahaifinsa in zai yi waƙa yakan kama hannun wanda ke kusa da shi ya riƙa juyawa, haka al'adarsu take. Na miƙa masa nawa, tunda ni na jawo. Ya rufe ido ya kama, ya shiga juya mini hannu kamar mai tayar da injin markaɗe. Sai ga murya ta fito. Kwana huɗu kafaɗata na ciwo.

Hajja Zainabu, wadda har yau ba ta amsa laifin dabinon ba, ta ce muryar wata ce, ta riƙa aiko masa da zuma da citta. Ita ma ashe waƙar ta shige ta ta bango. Sai ta zauna a matakala tana tsintar shinkafa tana gyara: "La, la, ya Diklan, tsohon ya fi daɗewa a nan. Yalla, sake."

Rigima ɗaya ce ta ƙi ƙarewa, ta tarin nan. Diklan ya zo wurin ya wuce, Mamman ya tafa hannu. "Ina tarin?" Diklan ya ce ba zai je gaban mutanen ƙauyensu ya yi tarin ƙarya ba. Mamman ya ce in ba tari shi ba ya gane hanyar layin da ke gaba, kuma ba zai koyar da rabin waƙa ba. Dole Bature ya riƙa yin ƙyah ƙyah sau biyu don a zauna lafiya, yana raɗa mini cewa in ya isa gida zai watsar.

Ranar Asabar ya tafi, da kaset mai waƙa huɗu, ɗayar ba kai, ta biyar kuma a maƙogwaronsa. Wata guda ba labari. Ni dai kullum in na ga dogon mutum a bakin lungu sai in leƙa in ga ko shi ne.

Da ya dawo bai ko sauke jakarsa a Abhur ba, ya ɗauko Mamman da bokitinsa suka zo. Hajja ta sauko har ƙasa, abin da ba ta saba yi ba. Diklan ya ce ɗakin girkin gidansu ya cika har waje. Da ya gaya musu waƙar ta goge, sai wurin ya ɗauki gunaguni, wasu tsofaffi suka fara neman hulunansu. Ya ce musu shi zai yi. Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Nora, mai shekara tamanin, ta ce, "Kai? Kai da kake gudu?" Amma ta ja kujera ta zauna kusa da shi ta ba shi hannu.

Baitin farko murya na rawa. Na biyu ta zauna. A na uku ya ƙudurta zai wuce wurin nan salin alin, amma kwana bakwai a hannun Mamman ba wasa ba, maƙogwaron ya yi abinsa da kansa. Ƙyah ƙyah.

Ya ce sai hannun gwaggon ya tsaya cak. Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, tsofaffin da ke bakin ƙofa suka dawo ciki. Da ya kai ƙarshe ta gaya masa cewa tun Tomas yana saurayi a daidai nan yake tari, don uwarsu a nan take yi. Ita ma tsohuwar cewa take haka ta same ta a wurin tata uwar, wadda kullum a bakin murhu take waƙa hayaƙi na shiga mata.

Mamman ya dube ni, ya dubi Hajja, ya gyara hularsa.

Diklan ya ce kafin ya taho mata biyu da wani malamin makaranta sun zo ya koya musu, kuma sun ɗauka.

Mamman ya ce, "Da tarin?"

"Da tarin."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

Mamman ya miƙe ya ɗauki bokitinsa. "To halas. Tashi ka mayar da ni, Bature, mota huɗu na bari da kumfa."